Ashe Sadaki Kawai Na Biya

Don Allah jama'a, wa ya aike ni saya wa yaran nan gem na hannu? Na ɗauka da na biya kuɗinsa na huta, ashe sadaki kawai na biya, lefe na nan tafe! Mai shago bai ce min babu wasa ko ɗaya a ciki ba, sai da yaro ya kunna a gida ya ɗago ya kalle ni kamar na ci amanarsa. Na koma na sayo kaset ɗan mitsitsi, kuɗinsa ya isa cefanen sati, kwana uku kujera ta haɗiye shi. Sai memori, wai wuri ya cika, sai jaka, sai data, domin wasan da na saya da gumina sai ya sabunta kansa kafin ya buɗe! A ɗauke wuta kuwa, auta ya zare wayata daga caji ya soka nasa. Lambar nan ta jikin kwali, 3, 7, 12, 16, 18, ashe shekaru ce, na sayo wa ɗan shekara 8 mai 18, ana ta fille kawuna a falona! Mu da muka tashi da gem ɗin jera bulo mai batir biyu, an rubuta 9999 alhali wasa ɗaya ne yake sake riga, yaushe muka nemi intanet? Yanzu gem ɗaya, yara uku, kullum ni ne alƙali, har da ɗaukaka ƙara wajen uwarsu!