An cire tasharmu daga jirgin sauri, ko sanarwa babu

Jiya Litinin ƙarfe 6:20 na safe ina tsaye a tasha, katina na wata a aljihu. Katin jirgin sauri ne, wanda ake ƙara masa kuɗi saboda ba ya tsaye-tsaye a ƙananan tashoshi har ya shiga birni. Minti 35 yake kai ni. Mai tsaye-tsaye kuwa awa ɗaya da kwata. Duk mai kwana a bayan gari yana aiki a birni ya san darajar minti 40 ɗin nan.

Ƙarfe 6:40 ta yi, ga jirgi ya taho. Muka matso bakin layi, masu jaka suka gyara rataya. Ya wuce mu fuu, ko rage gudu bai yi ba. Lasifika shiru. Allon sanarwa kuma dama ya fi wata uku a mace.

Na nufi tagar tikiti. Wani saurayi ne a ciki, da ƙyar in ban haife shi ba, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Na yi sallama. Shiru. Na sake.

"Malam, don Allah jirgin 6:40 ya wuce bai tsaya ba. Lafiya?"

"An cire tashar nan," ya ce, idonsa na kan waya.

"An cire? Tun yaushe?"

"Daga yau. Tun makon jiya aka yanke."

"To ai ranar Juma'a a tagar nan na sabunta katin sauri, kai ka karɓi kuɗin da hannunka. Me ya hana ka faɗa mini?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ni sama da ƙasa, ya taɓe baki, ya ce, "Ka tambaye ni ne?"

Wallahi sai da na ji ƙirjina ya yi zafi. In tambaye ka me? In tambaye ka ko abin da kake sayar mini yana nan ko babu shi? Na danne zuciya na ce to a mayar mini da ƙarin da na biya. Ya ce in je babban ofis a cikin birni in cike fom. Birnin da na kasa isa, shi zan je neman haƙƙina a lokacin aiki.

Wata dattijuwa a bayana, riƙe da katin asibiti a cikin leda, ta matso ta ce, "Ɗana, likita ya ce in zo ƙarfe takwas, yaya zan yi?" Yaron nan ya buɗe baki ya ce, "Mama, in kina sauri ki sayi mota." Ya jawo murfin tagar ya rufe, garam. Mun fi mutum talatin a wurin, ba wanda ya ce uffan. Har da ni.

Shekara shida ke nan ina bin layin nan, kuma ko lokacin da jirgin saurin ke tsayawa mana, sau nawa ya cika sunansa? Layin dogo biyu ne kacal, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Da zarar mai tsaye-tsaye ya makara da minti biyar, mai sauri sai ya bi bayansa yana jan ciki har birni, domin babu inda zai wuce shi. Jirgin ƙasa ba mota ba ce da za ta kauce ta sha gaba. Dole a shimfiɗa layi na gefe a wasu tashoshi inda mai jinkiri zai raɓe a wuce shi, ko a yi layi huɗu gaba ɗaya. Maimakon a yi wannan aikin, sai aka zaɓi hanya mafi arha: a riƙa yanke tashoshi ɗaya bayan ɗaya domin lissafin mintuna ya yi kyau a takarda.

Kada wani ya ce mana abin ba ya yiwuwa. A Mumbai, da duk cunkosonta, jiragen sauri da na jinkiri kowanne da layinsa a manyan hanyoyin. Paris ta haɗa layukan RER, wato jiragen sauri masu haɗa birni da kewayensa, a tsakiyar birni tun 1977 domin mutanen kewaye su ratsa kai tsaye. Landan ta buɗe layin Elizabeth mai irin wannan aikin a 2022. A Ingila, kamfanonin jirgi da yawa suna mayar wa fasinja wani ɓangare na kuɗinsa in an makara da minti 15. A Japan, in jirgi ya makara, ana ba ka takardar shaida ka kai wa shugabanka a wurin aiki. A 2017 ma masu layin Tsukuba Express haƙuri suka bayar a fili saboda jirginsu ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Mu an ɗauke mana jirgi sukutum, ko takarda ba a manna a bango ba.

Laifin yaron nan na gani da idona, amma ba shi ya zana jadawali ba. Masu zanawa ba su taɓa tsayuwa a tasha da asuba ba. Gwamnati ta zuba ido kuɗin haya ya kore mu daga cikin birni, alhali mu ne ke buɗe ofisoshinsa, mu ke jinyar marasa lafiyarsa, mu ke koyar da 'ya'yansa. In sabon tarago ne, za ka ga manya sun cika tasha ana yanka zare ana ɗaukar hoto. Layin kaucewa da gyaran sigina kuwa ba sa fitowa a hoto, shi ya sa ba mai waiwayarsu. Mu kuma mun saba da haɗiye wulaƙanci har an daina jin kunyarmu.

Mai tsaye-tsaye ya iso 7:25, a cike maƙil. Na isa ofis tara saura kwata, an riga an ja jan layi a rajista. Dattijuwar nan a tsaye ta yi tafiyar gaba ɗaya, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da ledarta, tana ta tambayar na kusa da ita ƙarfe nawa.