Tauraron ɗan'adam kaɗai ba zai gaya mana abin da muke shaƙa ba

Jama'a, duk sanda aka tayar da zancen gurɓatar iska sai ka ji wani ya ce ai tauraron ɗan'adam ya gama aiki, tura jirgin sama ya auna ɓarnar kuɗi ce. Ni dai ban yarda ba.

Iskar NO2, wadda ke fita daga salansar mota da janareta, tana cin hanyoyin numfashi, kuma mai asma ya fi kowa jin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke mizaninta na shekara daga maikirogiram 40 zuwa 10 a kowace mita kubik.

Na'urar TROPOMI mai auna wannan iska, da Turawa suka harba a kan tauraron ɗan'adam a 2017, ta cancanci yabo. Sai dai wajen ɗaya da rabi na rana take leƙo gari, bayan cunkoson safe ya watse. Kuma jimilla take bayarwa daga ƙasa har sama, ba ta raba wadda ke bakin titi da wadda ta yi nisa can. In gajimare ya tare, shi ke nan.

Jirgi kuwa cikin iskar yake shiga. A 2011 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi ta tura jirginta P-3B tsakanin Baltimo da Washinton, yana kewaya kamar shirwa yana sauka sannu a hankali, yana zuƙar iska ta bututu, ana auna kowane hawa har kusa da ƙasa. Da irin wannan awo ake gyara lissafin tauraron shi kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Yamai ya faru. A daminar 2006, cikin shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma, jirgin binciken Birtaniya da ke tashi daga can ya nuna cewa busasshiyar ƙasar Sahel, da ta sha ruwan sama, ƙwayoyin halittar cikinta kan saki iskar da ke rikiɗewa ta zama NO2 mai yawa. Ashe wanda ya dubi taswira kawai zai iya ɗora wa mota laifin da ba nata ba. A 2016 ma jirage uku sun tashi daga Lome sun bi hayaƙin Abijan da Akara da Kwatano.

Da tsada, gaskiya ne. Amma ina so in ga ƙaramin jirgi ɗauke da waɗannan na'urori yana kewaya Kano da hunturu, da sassafe da kuma bayan magariba, lokacin da kowane shago ya tayar da janareta.