Tiya, zare da zoɓo: ilimin da yaranmu ke barowa a ƙofar aji

Makon jiya ina duba wa ɗiyar ƙanena aikin gida, yarinya ce 'yar aji huɗu a firamare, sai na tarar an ja mata jan biro a kan tambayar da ke neman a faɗi wanda ya fi girma tsakanin 1/2 da 1/4. Ta zaɓi 1/4, da na nemi dalili sai ta ce ai huɗu ta fi biyu. Wannan yarinyar ita ke tsare wa mahaifiyarta tebur a ƙofar gida bayan an tashi daga makaranta, tana auna gero da shinkafa, tana ba da canji ba tare da ta taɓa biro ba, kuma ba a yi mai sayen da zai biya ta kuɗin kwatan tiya ya tafi da rabin tiya ba. Na aika aka ɗauko tiya da faranti biyu, na ce ta auna mini rabi a ɗaya, kwata a ɗaya, sannan na rubuta lambobin a ƙasa kusa da kowane faranti. Ta dubi geron, ta dubi rubutun, ta ce, "Baffa, ashe dama wannan ake nufi?"

Tun daga ranar abin yake cina a rai. Yaranmu suna zuwa makaranta da lissafi mai yawa wanda suka koya a kasuwa da gona da gindin murhu, amma da sun iso ƙofar aji sai mu sa su tuɓe shi kamar takalmi. A ciki kuma malami ya rubuta a allo, ɗalibai su maimaita da ƙarfi cikin Turancin da yawancinsu ba su gama ji ba, a haddace, a rubuta jarrabawa, a manta. Yaron Kamba da ya tashi a bakin iyaka ya san dala sefa biyar ce, jikka kuma dala ɗari biyu, yana iya juya sefa zuwa naira a kansa kafin babba ya lalubo wayarsa, amma shi ne za a kira daƙiƙi saboda ya kasa ninka 200 sau 5 a takarda, alhali abin da yake yi kullum ke nan.

Duk lokacin da na tayar da wannan magana a cikin malamai, amsar da nake samu ita ce ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da kayan aiki. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta samar da su. Sai dai kimiyyar da ake buƙata a firamare yawancinta tana cikin madafin iyayenmu mata. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofuna uku masu haske. A matsa lemon tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa ko na toka a na biyu, launinsa zai juye ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi yadda yake domin a riƙa kwatantawa. Da wannan kaɗai yaro ya ga cewa abubuwa masu tsami jinsi guda ne, kanwa da toka da sabulu kuma wani jinsin ne daban, kuma zoɓo yana iya tona asirin kowanne. Idan aka zuba ruwan tsamiya a kan garin kanwa, kumfa zai taso saboda wata iska da haɗuwarsu ta haifar, iri ɗaya da wadda muke fitarwa in muka yi numfashi. Kowace uwa ta san kanwa tana kashe tsamin yakuwa a miya, ta kuma san bambancin kunun kanwa da kunun tsamiya. Abin da ya rage kawai shi ne a sa yaro ya tambayi dalili. Darasin da ɗaliban sakandare ke haddacewa da sunayen Turanci ba tare da sun taɓa ganinsa ba, ga shi nan a kofi uku da kuɗinsu bai kai na buredi ba.

Haka randa take. A cika randa da bokitin roba da ruwa iri ɗaya, a ajiye su a inuwa guda tun safe, da azahar a sa yara su taɓa. Ruwan randa ya fi sanyi domin jikinta yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Da wannan sani ne wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, aka samu ma'ajiyar da ke hana tumatir da ganye saurin lalacewa ba tare da lantarki ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mu da muke ganin asarar da manomanmu ke yi a kayan lambu duk shekara, ya kamata kowane yaro ya taɓa haɗa wannan tukunyar da hannunsa kafin ya bar firamare.

Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta a kogin Matan Fada sun dafa manyan goruna suna yawo a kan ruwa. Me ya sa gora ke ɗaukar ƙato, amma ƙaramar tsakuwa ta nutse? A kawo baho da ruwa da ƙoƙo, a sa yara su riƙa jefa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa, suna lura da yadda bakin ƙoƙon ke matsowa kusa da ruwa har ya nutse. A sake da ƙwarya babba, a sake kuma da tara tsakuwar a gefe guda. Wannan darasi ina ɗaukarsa da nauyi ƙwarai, domin a jiharmu ta Kebbi da kogin Kwara ya ratsa, inda mutanen Yauri da Ngaski ke shiga jirgin ruwa kamar yadda wasu ke shiga mota, ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ɗauke da mutane fiye da ɗari ba. Yaron da ya ga ƙoƙo ya nutse a hannunsa saboda tsakuwa ɗaya da aka ƙara, ya san cewa kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka.

A ɓangaren lissafi kuwa, zare da kara sun isa a yi wata guda ana darasi. A ba yara faifai da murfin tukunya da bakin bokiti, su zagaye kowanne da zare, sannan su gwada zaren da faɗin abin ta tsakiya, za su tarar kullum ninki uku ne da ɗan ɗori, ko abin babba ne ko ƙarami. Bayan sun gano haka da kansu, in aka rubuta musu 22/7 sun san daga ina ta fito. A kafa kara a fili a jira lokacin da inuwarsa ta yi daidai da tsawonsa, a wannan lokacin inuwar giginya ma daidai take da tsawon giginyar, sai a auna a ƙasa ba tare da kowa ya hau ba. Da inuwa malamanmu suka daɗe suna gane shigar azahar da la'asar tun kafin agogo ya zo. Magini kuma idan zai fitar da kusurwar ɗaki yakan auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da biyar to kusurwar ta miƙe; a gayyato shi makaranta da igiyarsa ya nuna.

Ga iyayen da ke ganin wannan ilimi baƙo ne, ina tunatar da su cewa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi da yaranmu ke wahala da su, su ne ma'aunan rabon gado a Alƙur'ani. Littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafin aka samo kalmar aljabara, babban kaso na cikinsa matsalolin gado da wasiyya ne. Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa saboda hanyoyin da ya rubuta na jera lambobi a gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Akwai sharaɗi guda da nake so malamai su riƙe, domin in babu shi abin zai tsaya a wasa. Kafin a yi gwaji, kowane yaro ya faɗi abin da yake zaton zai faru. Bayan an yi, ya rubuta abin da ya gani da adadinsa, ko da ya saɓa wa zatonsa, kuma kada a doke shi don zatonsa bai yi daidai ba. A yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan a ba shi sunan abin da Turanci saboda jarrabawa. Na san aji mai cunkoso yana da wuyar sarrafawa, na kuma san halin da malamin firamare ke ciki game da albashi, amma ana iya raba yara rukuni-rukuni a gindin bishiya sau ɗaya a mako, kowane rukuni ya zo da kayansa daga gida. A dai nisanci wuta da kalanzir da fasa batir. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, kuma waɗanda za su cika ta nan da shekara goma su ne ke zaune a aji uku da aji huɗu yanzu.

Ni dai na fara da gidanmu. Na ba ɗiyar tawa ƙwayar wake goma daga irin da mahaifinta ya ajiye don damina, ta shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti, tana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Ta yi zaton duka za su tsiro. A kwana na biyar takwas suka fito, ta rubuta 8/10 a bayan littafinta da hannunta, ta kai wa mahaifinta, shi kuma ya ce ta sake gwada masa irin geron da ke cikin rumbu kafin ruwa ya sauka.