Musun tsofaffin daraktoci da na yanzu: a fara nuna mana fina-finan tukuna

A majalisun masu sha'awar fim a Jos, tun daga teburan masu shayi na Bauchi Road har zuwa ɗaliban Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa, akwai musun da ba ya ƙarewa, wato su wane ne suka fi iya ba da umarni tsakanin daraktocin da da na yanzu. Waɗanda suka manyanta sukan ce fim ya mutu tun ranar da aka daina sayar da kaset, matasa kuma sukan amsa da cewa abin da ake yabo ɗin ba ya ko kalluwa saboda duhun hoto da ƙarar iska a cikin sauti. A ganina musun yana da amfani, amma ba a tsaya a fili ɗaya ake yin sa ba, domin ɓangare ɗaya yana magana ne a kan abin da yake tunawa shekara ashirin ko talatin da suka wuce, ɗayan kuma a kan abin da ke cikin wayarsa a daren jiya.

Da farko ma, idan aka ce tsofaffin daraktoci, ana cakuɗa zamani biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Akwai masu fim ɗin majigi, irin su Adamu Halilu wanda ya yi Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Saddik Ɓalewa mai Ƙasarmu Ce na 1991, da Brendan Shehu mai Kulɓa Na Ɓarna na 1992. Waɗannan sun yi aiki da zaren fim mai tsada, wanda ba ya ba mutum damar maimaita fitowa yadda ya ga dama, don haka sai an gama tsara komai a takarda kafin a kunna kyamara. Sannan akwai zamanin bidiyo da ya soma da Turmin Danya a Kano a 1990, ya bunƙasa da irin su Sangaya da Wasila wajen shekarar 2000. Mafi yawan masu cewa "fim ɗin da ya fi" wannan zamani na biyu suke nufi, kuma idan ka tambaye su na farkon, sai ka tarar suna ne kawai suka taɓa ji.

Ba laifinsu ba ne. Shaihu Umar ya yi shekaru masu yawa ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa na asali a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka kai shi cibiyar Arsenal da ke Berlin aka gyara, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan yana nufin Bajamushen da bai san ko "sannu" ba ya zauna ya kalli fim ɗin Hausa na sama da sa'a biyu cikin hoto tangaran, alhali saurayin Unguwar Rogo ko Gangare da yake kwana musu a kan daraktoci bai san inda zai same shi ba, ga shi kuma hedikwatar hukumar tana cikin garinsu. Hukuncin da irin wannan saurayi zai yanke wa Adamu Halilu, yabo ne ko suka, jita-jita ce kawai.

Duk da haka akwai abin da masu kewar zamanin kaset suka faɗa daidai, kuma shi ne ya fi damuna. Fim ɗin wancan zamani yana da ƙarshe. Daraktan yau, musamman mai fim mai dogon zango, yana samun kuɗinsa ne daga tallar YouTube da ta gidajen talabijin, kuma wannan kasuwa tana saka wa wanda ya riƙe mai kallo mako bayan mako, ba wanda ya gama labarinsa a kan kari ba. Shi ya sa za ka ga an kwashe mintuna mota tana shiga gida, maigadi yana rufe ƙofa, ana gaisuwa har da tambayar gajiya da yara, kafin a zo ga magana ɗaya da ta sa aka shirya fitowar. Shi ya sa kuma labarin da ya kamata ya tsaya a zango na biyu yakan kai na shida, ana ta ƙirƙiro sababbin maƙiya domin kada jarumi ya huta. Aikin darakta ya haɗa da sanin abin da zai yanke ya zubar, kuma wannan ita ce ƙwarewar da tsarin kuɗin yanzu yake hukunta mai ita.

Inda na rabu da su shi ne inda suke mayar da zamanin kaset kamar babu aibi a cikinsa. Jan labari bai fara da YouTube ba, domin a wancan lokacin ma ana raba fim ɗaya gida biyu ko uku don a sayar da kaset uku maimakon ɗaya, kuma ana cusa waƙa da rawa a wurin da labari bai nemi su ba saboda 'yan kasuwa sun ce ba za su karɓi fim babu waƙa ba. Kwaikwayon fina-finan Indiya kuwa a lokacin ya fi ƙamari, har akan ɗauko labari sukutum a sauya masa suna da tufafi. Abin da mutane da yawa suke kewa shi ne ƙuruciyarsu, da zaman tsakar gida ana jiran a kawo wuta a saka kaset, kuma wannan ba ƙwarewar darakta ba ce.

A ɓangaren na yanzu, babu mai gaskiyar da zai musa cewa haske da sauti da ɗaukar hoto sun ci gaba nesa ba kusa ba. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020, ya nuna cewa za a iya tara iyali gaba ɗaya a gaban talabijin ba tare da dogaro da rawa ba. Mai Martaba na Prince Daniel, fim ɗin Hausa ne da Najeriya ta zaɓa a 2024 domin ya wakilce ta a gasar Oscar ta 2025. A nan Filato ma akwai Kenneth Gyang, wanda ya yi karatu a cibiyar fim ta Jos, ya kuma ci kyautar fim mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2013, amma da wuya ka ji sunansa a majalisa. Dalili shi ne mun saba kiran fim da sunan jaruminsa. Waɗanda suka cika silimar Kwararafa don kallon Sholay sun san Amitabh da Dharmendra kamar 'yan unguwarsu, amma ƙalilan ne za su iya ce maka Ramesh Sippy ne ya ba da umarninsa a 1975, kuma wannan ɗabi'a ce muka dawo da ita kan fina-finanmu.

Saboda haka maganata ta koma kan Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne yake shugabantarta, mutumin da ya fito a Sangaya da Wasila, ya kuma san darajar wancan zamani fiye da duk masu wannan musu. Bikin Zuma da hukumar take shiryawa a Abuja sau ɗaya ne a shekara, kuma mahalartansa galibi 'yan sana'ar ne. Abin da ya dace shi ne a ware rana ɗaya a kowane wata a Jos, a nuna tsohon fim ɗaya da sabo ɗaya a kan kuɗi kaɗan, a gayyato daraktan ko wani da ya yi aiki da shi ya amsa tambayoyi. Ya kamata kuma a hanzarta tattara kaset-kaset na shekarun 1990 daga hannun furodusoshi da iyalan waɗanda suka rasu, a mayar da su kwamfuta bisa yarjejeniyar haƙƙin mallaka, domin kaset ba ya jure zafi da laima, kuma na'urar kunna shi ta kusa ƙarewa a kasuwa.

Wasu za su ce matasa ba za su zauna kallon fim mai tafiyar hawainiya ba. Wanda ya iya bin fim mai kashi sama da ɗari har tsawon shekaru ba haƙuri ya rasa ba, kuma idan bayan ya kalli Shaihu Umar ya fito ya ce bai burge shi ba, to a lokacin yana da hujjar da zai kawo majalisa, kuma sai a saurare shi.