Ka soki fim ɗin, ka bar wa 'yar fim mutuncinta

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a Facebook da TikTok, kuma gara mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Da an saki sabon kashi na fim mai dogon zango, kafin gari ya waye kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wannan kam ba laifi. Wanda ya sayi data da kuɗinsa ya kalla yana da ikon cewa labarin ya yi masa ko bai yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, sai ka yi ta karanta sharhin mutane ba ka ci karo da wanda ya taɓo fim ɗin ba. Magana ta koma kan auren jarumar da ya mutu, da motar da take hawa, da wanda ake zaton ya saya mata.

Ɗan'uwa, wannan ba sharhin fim ba ne, ƙazafi ne. A Suratun Nur an yanke wa wanda ya jefi kamammiyar mace da alfasha, bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80, kuma an ce kada a ƙara karɓar shaidarsa. Kai kuwa ba ka da shaida ko ɗaya, sai hoton da wani ya turo maka. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane da giba, duk a aya guda. Ban taɓa jin malamin da ya ce in da babban yatsa aka rubuta a waya an yafe ba. A 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne da tara, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. Gwamna yana da masu bi masa haƙƙi nan take. 'Yar fim kuwa sau da yawa shiru take yi, kuma shirun nata ba yafiya ba ne.

Wasu ma ba sa bambance wasa da gaske. Mace ta fito a muguwar kishiya ko azzalumar uwar miji, sai a bi ta har shafinta ana tsine mata. To in har ta sa ka ji haushi haka, ai ta iya aikinta ke nan. Wani ne ya rubuta maganar, darakta ya ce ta faɗa.

Ku kuma lura da wanda ke cin ribar zagin. Da can a kaset da CD ake sayar da fim, satar fasaha da tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa. Yau abincin masana'antar Kannywood yana YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kuma a intanet yawan masu kallo da masu surutu shi ne kuɗi. Shi ya sa wasu shafuka ke yanko ɗan guntun fim ko hira, su liƙa masa kanun da zai tunzura ka. Kana zagi, ana ƙara nuna bidiyon ga wasu. Mai shafi ya kwashi kuɗin talla, kai ka kwashi alhaki.

Ba cewa nake Kannywood ba ta da abin suka ba. Akwai shi jibge. Labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi zango bayan zango, ana maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani. Sauti yakan yi sama ya yi ƙasa. A shiga kotu ko asibiti a fim, lauya da likita na gaske su riƙe baki. Kowane saurayi ɗan attajiri ne mai gidan bene, kamar babu manomi ko ɗan adaidaita da ke soyayya a ƙasar Hausa. Masana'antar da ta faro tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta wuce a riƙa yi mata uzurin ƙuruciya. Waɗannan su ne abin faɗa, kuma mu da muke haɗiye fassarar fina-finan Indiya da na Turkiyya ba tare da ƙorafi ba, ya kamata mu auna namu da mudu ɗaya.

In kana ganin wani fim ya taɓa tarbiyya, faɗi wurin da ya taɓa da dalilinka. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kana iya kai mata koke, ko ka daina kallo, wanda shi ya fi yi wa furodusa zafi. In kuma sharhi za ka yi, kalli kashin har ƙarshe tukuna, sannan ka rubuta abin da darakta zai iya gyarawa a mako mai zuwa: a ina labarin ya karye, wane ɗan wasa ne bai shiga rawarsa ba, wace fitowa ce aka saka don cika minti kawai.