Sun Sayar Mana Da Hoton Limbe, Suka Wulaƙanta Mahaifiyata A Hanya

Ina da magana da masu tallan yawon buɗe ido na yini guda da suka cika mana wayoyi a nan Duwala, a ƙasar Kamaru, kuma da zafin rai zan yi ta, domin abin da suka yi mini a gaban mahaifiyata suka yi shi. Kowa ya san tallan. Hoton baƙin yashi na gaɓar Limbe, a gefensa hoton doguwar magangarar ruwa tana zubowa a tsakiyar kurmi, a ƙasa an rubuta cewa mota taku ce ku kaɗai, ɗan jagora naku ne ku kaɗai, abinci da kuɗin shiga duk suna ciki, a ɗauke ku da sassafe a dawo da ku kafin magariba. Wannan alkawari ƙarya ne tun daga tushe, kuma masu yin sa sun san ƙarya suke yi.

Duk wanda ya taɓa haye gadar kogin Wuri ya ratsa Bonaberi ya san a Bekoko hanya take rabuwa. Ɗaya ta yi yamma, ta haye gadar Mungo, ta bi ta Tiko da Mutengene ta sauka Limbe, abin da bai kai kilomita 80 ba daga Duwala. Ɗayar ta miƙe arewa ta Mbanga da Penja da Loum da Manjo har Nkongsamba, wajen kilomita 140, a bayan manyan motocin kaya da ba sa ba kowa hanya. Magangarar ruwan da suke liƙa hotonta a talla, mai tsawon mita 80, ita ce Ekom-Nkam, kuma tana can gaba da Nkongsamba, wajejen Melong, sai an bar kwalta an shiga hanyar ƙasa kafin a kai. Wato ɗaya gabas ɗaya yamma, kamar yadda ake faɗa. Babu direban da zai kai iyali Limbe su zauna a bakin teku, ya juyo da su har Bekoko, ya haura Melong, su sauka matakalar nan mai tsawo zuwa gindin ruwan su hauro, sannan ya dawo da su gida a yini ɗaya. Mai talla ya san haka. Yana dai dogara ne da cewa mai biya baƙo ne, ko kuma ɗan kasuwa ne da bai san komai a Kudu ba sai hanyar shagonsa da ta masallaci.

Inna ta zo mana daga Garwa ne tare da ƙanwata da 'ya'yanta. Mota zuwa Ngawundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wata motar kuma zuwa Duwala, duk da ciwon gwiwa. Tun tana yarinya take jin labarin teku, ba ta taɓa sa shi a ido ba, don a cikin garin Duwala kogi kawai ake gani. Na ce wannan karon sai ta gani, kuma cikin mutunci, ba a cunkushe a motar haya ba. Na tambayi matar da ke amsa waya a ofishin abu uku: akwai mai jin Hausa ko Fulatanci? Za a tsaya mana sallah? Abincin na halal ne? Ta ce, "Alhaji, kada ka damu, mun saba da mutanenku." Na tura kafin alƙalami ta waya, rabin kuɗin, aka ce sauran sai ranar tafiya, kafin mota ta tashi.

An ce ƙarfe shida. Inna ta yi asuba ta shirya, ta zauna a kujera da mayafinta da carbinta, yara sun sa kayan Sallah. Rana ta fito, ta ɗaga, muna ta gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Sai wajen tara wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofa, gilashin baya ɗaya ba ya sauka, na'urar sanyin da aka yi mana alkawari kuwa direba ya ce tun bara ta mutu. Kafin mu zauna ɗan jagora ya miƙo hannu a cika masa kuɗi. Rasiɗi? Wai a ofis ake bayarwa. Hausa kuwa "sannu" kaɗai ya iya.

A Bonaberi aka tsaya, wai za a sha mai. Sai ga mutum biyu da jakunkuna sun buɗe ƙofa sun shigo. Na ce me ke nan? Ya ce abokan aikinsu ne, Tiko kawai za a sauke su. Da idona na ga ɗayansu ya miƙa wa direba kuɗi. Motar da na biya don mahaifiyata ta miƙe ƙafa, aka danne mu a ciki kamar buhunan albasa, jika a kan cinyar kaka mai ciwon gwiwa. Na ɗaga murya, Inna ta taɓa hannuna ta ce, "Bar su, ɗan nan, a hanya muke." Haƙurin tsofaffinmu shi ne jarin waɗannan mutane.

Da aka haye Mungo an shiga yankin Kudu maso Yamma, kuma tun da rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya ɓarke a ƙarshen 2016 kowa ya san shingayen jami'an tsaro sun yawaita a wannan hanya. Wanda sana'arsa ke nan ya kamata takardun motarsa su zama cikakku. Namu inshorarsa ta ƙare. Aka faka mu a gefen titi cikin rana, direba yana can yana magiya, ɗan jagora ya leƙo ta taga yana ce mini in "taimaka da wani abu" don a sake mu. Ni zan biya kuɗin sakacinku? Na ƙi. Muka yi zaman da ya fi sa'a guda, ƙaramin yaron yana kukan ƙishirwa, ruwan shan da aka ce yana cikin kuɗin ko kwalba ɗaya babu a motar.

Azahar ta yi mana a bakin shiga Limbe. Na ce a kai mu masallaci, don akwai Musulmi da masallatai a garin, ba dawa ba ne. Ya ce lokaci ya ƙure, mu yi a bakin teku. Wurin da ya kai mu cin abinci kuwa mashaya ce, kiɗa kamar zai tsaga kunne, kwalaben giya a kan kowane tebur. Inna ta tsaya a ƙofa ba ta shiga ba, ba ta kuma ce komai ba. Wannan shirun nata har yanzu yana ci mini rai. Da kaina na nemo wata mai gasa kifi a Down Beach, gaɓar teku da ke cikin garin, ta ba mu ruwa a bokiti muka yi alwala, ta share mana wuri a bayan rumfarta, ta gasa mana kifi da agada da sandar rogo. Baiwar Allah da ba ta karɓi kafin alƙalamin kowa ba ita ta san darajar tsohuwa. Kuɗin abincin daga aljihuna ya fita, karo na biyu ke nan.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jahilci. Inna ta tsaya a gaban teku, ta daɗe tana tasbihi, sannan ta sunkuya ta ɗebi yashin a tafinta. Baƙi ƙirin, mai laushi, yana ƙyalli a rana, da zafinsa. Ta ce in tambayi ɗan jagoran me ya sa yashin nan baƙi ne. Ya ɗaga kai daga waya ya ce man matatar da ke can gaba ne ya ɓata shi. Inna ta yi sauri ta zubar, ta goge hannu a zani, ta kira jikokinta su fito daga ciki.

Ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke cin mutuncin garin da yake cin abinci da sunansa. Yashin Limbe baƙi ne saboda dutsen da ke tsaye a bayan garin, Dutsen Kamaru, mai tsawon sama da mita 4,000, wanda ya fi kowane dutse tsawo a wannan ɓangare na Afirka, kuma har yau mai aman wuta ne. Narkakken dutsen da yake fitarwa in ya huce yakan daskare ya zama baƙin dutse, ruwan sama da koguna da igiyar teku su yi ta niƙa shi shekara da shekaru har ya koma yashi. Matatar man a farkon shekarun 1980 ta fara aiki. Garin kuwa tun 1858 ɗan mishan Alfred Saker ya kafa shi da sunan Victoria, sai a 1982 aka mayar da shi Limbe, kuma tun kafin Saker yashin baƙi yake. Ba labarin kanzon kurege ba ne, shaidar tana nan a bakin titi: a 1999 dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya gangaro ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau a kusa da Bakingili, ya tsaya dab da teku, har aka karkatar da titin ya kewaye shi. Tulin yana nan, ana hawa kansa. Tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga inda muke tsaye. Da an kai Inna ta taɓa wannan dutse da hannunta, sannan ta sake duban yashin, da ta koma Garwa da labarin da za ta yi ta ba jikoki har ƙarshen rayuwarta. Ɗan jagoran da na biya bai san da shi ba, ko kuma ya sani ya ga ba mu kai a gaya mana ba. Ban san wanne ya fi muni ba a wurin mai sana'a.

Haka ya wuce da mu ta gaban lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa tun 1892 bai ce uffan ba. Haka bai ambaci gidan kula da namun dajin da ke kusa da shi ba, inda ake rainon gwaggon biri da sauran birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta, abin da yara za su fi so fiye da komai. Da muka matsa wata gaɓar da ta fi tsabta a wajen gari, sai ga mai gadi yana neman kuɗin ƙofa, kan kowane mutum. Ɗan jagora ya juya baya yana amsa waya. Na biya. A can kuma babban yaron ya ruga cikin ruwa, igiya ta kwashe masa ƙafa, wani masunci ne ya daka tsawa ya fizgo shi, ya ce mana wurin yana da ja, ba a barin yaro ya wuce gwiwa. Wannan gargaɗi aikin wa ne? Yaran da suka tashi a Garwa, iyakar saninsu Binuwai lokacin rani, ina suka san halin teku? Da wani abu ya faru, me zan gaya wa ubansu?

La'asar ta yi, na ce to, magangarar ruwa fa? Ya dube ni kamar na tambayi abin da ba a taɓa ji ba. Wai Ekom-Nkam ta yi nisa. Na ce da safe ba ta yi nisa ba, da kuke karɓar kuɗi? Sai ya ce akwai wata a wajen Idenau, Bomana, amma hadari ya haɗu, hanya ba za ta biyu ba. To wannan gefen dutsen ai kullum cikin ruwa yake. Debundscha da ke kan wannan hanya tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a duniya, wajen mita 10 a shekara. Mai sayar da tafiya zuwa can ya san da haka kafin ya buga talla. Kuma magangarar da ke cikin kurmi sai an taka da ƙafa, a santsi da laka. Na gaya musu tun farko akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa. Me ya hana su ce mini, Alhaji, wannan ba ta Hajiya ba ce, a tsaya a Limbe kawai, ga ragin kuɗi? Kwaɗayi ne ya hana. Ƙaramar yarinyar ta yi ta tambayata a hanyar dawowa, "Kawu, ina ruwan da ke faɗowa daga sama ɗin?" Hoton da na nuna mata a waya da daddare take nufi.

Na san a Limbe da Buya akwai 'yan jagora na gaskiya, 'yan ƙasar Bakweri da suka san dutsen nan da kurminsa, waɗanda ke hawa da baƙi har ƙololuwa su sauko da su lafiya. Su ma waɗannan 'yan damfara suna cutar su, don wanda aka yi wa irin abin da aka yi mana ba zai sake yarda da kowa ba. Mutum ya zauna a Duwala da waya da hotunan da ya kwaso, ba shi da mota, ba shi da ma'aikaci, in ya samu ciniki ya kira duk direban da ke zaune a tasha, ya haɗa shi da wani ɗan'uwansa marar aikin yi ya ce ga ɗan jagora. Ma'aikatar yawon buɗe ido ce ke ba kamfanonin tafiye-tafiye izini a ƙasar nan. Ina masu binciken? Wa ke tambayar waɗannan mutane takardarsu? Ko sai ran da teku ya ci ɗan wani?

Mun shigo gida bayan isha'i, ƙafar Inna ta kumbura har takalmi ba ya fita. Washegari na kira ofis. Matar da ta ce sun saba da mutanenmu ta ce ai an kai mu Limbe, an cika alkawari, ruwan sama kuma ba su suka saukar ba. Na ce a mayar mini da kuɗin abinci, da kuɗin ƙofa, da rabin da ya shafi magangarar ruwa. Ta ce sai maigida ya dawo daga tafiya. Daga nan in na kira ba a ɗauka. Saƙon tura kuɗin yana nan a wayata, da hoton tallan, da lambar motar, da hoton fasinjojin da aka cusa mana a Bonaberi. Zan kai su ofishin ma'aikatar yawon buɗe ido na yankin Littoral, inda Duwala take, in kuma tsaya bayan sallar Juma'a in gaya wa 'yan'uwa 'yan kasuwa abin da ya faru, don na san akwai masu shirin kai iyalansu a hutun nan. Kuɗina nake so, kuma ina so wanda ya ce wa mahaifiyata yashin Limbe ƙazantar mai ce ya zo har gida ya ba ta haƙuri kafin ta koma Garwa.