Arhar mota ba ita ce arhar asirans ba

Masu neman mota ta hannu a Maradi da yawa sun ɗauka cewa in suka sayi mai arha, kuɗin asirans ma zai zo da sauƙi. Ba haka lissafin yake ba.

Asirans ɗin da doka ta tilasta a Nijar, ƙarƙashin dokokin CIMA (hukumar da ke tsara harkar asirans a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar), ba motarka yake karewa ba. Ɓarnar da ka yi wa wani yake biya: mai babur da ka buge, ko shagon da ka afka wa. Don haka kamfani bai damu da nawa ka saye ta ba. Abin da yake dubawa shi ne ƙarfin inji, wato dawakan da aka rubuta a takardar motar, sai ko isansi take sha ko gazuwal, sai kuma aikin da za ta yi. Motar gida daban, taksi daban, mai ɗaukar fasinja zuwa Dakwaro ko Tasawa daban.

Nan ne mutane ke faɗawa rami. Tsohuwar babbar mota mai silinda 6 ko 8 takan faɗi warwas a kasuwa saboda shan mai, amma dawakanta suna nan yadda suke. Ƙaramar Corolla da ta fi ta tsada wurin saye sai ta fi ta sauƙin asirans kowace shekara.

Darajar mota tana shiga lissafi ne in ka ƙara kariyar sata, gobara ko lalacewar motar kanta. Kafin ka biya dillali, karɓi takardar motar ka kai ofishin asirans su faɗa maka kuɗin shekara.